Jan Layin Baba Ɗigo

Shekara ashirin da tara Baba Ɗigo ya yi yana riƙe da makullan ɗakin gwaji na hawa na biyu, kuma a tsawon wannan lokaci ba a sami mutum ɗaya da zai rantse ya ga ya zubar da wani abu ba. Safar hannu ta roba, wadda kowa ya san sau ɗaya ake sa ta a jefar, shi wanke ta yake yi ya shanya a ƙarfen taga. Kwalba in ta ƙare, sai ya kifa ta a bakin wata kwalbar ta wuni tana tsiyaya. Ɗalibai ne suka raɗa masa sunan, don duk wanda ya je neman sinadari a wurinsa sai ya leƙo shi ta saman tabarau ya ce, "Ɗigo nawa?"

Kada a ɗauki alhakinsa, ba mugunta ba ce. Shi dai ɓarna ce ba ya iya gani. In aka tsiyaye abu a kwata a gabansa, har cikin haƙoransa yake jin ta. Saura mako uku ya yi ritaya, kuma abin da zai fita da shi daga ginin nan bai wuce ɗaya ba, wato suna. Duk baƙon da ya zo, Farfesa, shugaban ɗakin, sai ya dafa kafaɗar Baba ya ce, "Wannan hannun da kuke gani, in ya auna abu, ɓata lokaci ne a sake aunawa." Baba kan sunkuyar da kai kamar yabon ya dame shi. Ƙarya yake yi, daɗinsa yake ji har ya isa gida.

Cikin duk kayan da ke hannunsa babu wanda yake ji da shi kamar antibodin hanta. Hanta dai ma'ajiya ce. Akwai wani furotin a cikinta wanda ba shi da aiki sai ƙulla ƙwayoyin sukari, ɗaya bayan ɗaya, su zama gilaikojin, ajiyar da jiki ke komawa gare ta in abinci ya yi nisa. Baba yana ƙaunar wannan furotin, yakan ce a duk jikin ɗan Adam shi kaɗai ne mai hankali. Ido ba ya ganinsa. In ana son a san yawansa, sai a niƙa hanta, a shimfiɗa abin da ke cikinta a kan wata farar takarda ta musamman, a jiƙa takardar a ruwan antibodi ta kwana. Shi kuwa antibodin, daga jinin zomo ake samo shi, kuma bai san kowa a duniya ba sai wannan furotin. Duk inda ya gan shi sai ya manne masa. Bayan wanki da 'yan dabaru, sai wani gajeren baƙin zane ya fito a takardar, wanda 'yan ɗakin ke kira gira. Gira mai kauri, furotin da yawa. Siririya, kaɗan ne.

Wata huɗu ake yi ana jiran antibodin kafin ya iso daga nesa cikin akwatin ƙanƙara, a 'yar kwalbar da ba ta kai gaɓar yatsa ba, abin da ke cikinta kuwa bai kai hawaye ɗaya ba. Sai a ɗebi kaɗan a sirka shi cikin wani ruwa garai-garai da ake kira ruwan sirki, a zuba a doguwar kwalbar roba a ajiye a firji. An yarda in an gama jiƙa takarda a mayar da ruwan cikin kwalba, a sake amfani da shi sau biyu ko uku. Wannan kowa yana yi. Abin da ba kowa ke yi ba shi ne wanda Baba ya ƙaro daga kansa.

Ranar da aka haɗa kwalbar, ya ɗauki jan alƙalami ya ja layi daidai inda ruwan ya tsaya. Duk wanda ya ara ya dawo da ita, ruwan kan ɗan sauka, don takarda tana sha, faranti ma yana riƙe nasa. Ganin ruwa a ƙasa da layi kuwa yana hana Baba sakat. Sai ya faki ido, ya ɗauko ruwan sirki ya ciko zuwa jan layi. Kala ba ta canza ba, wari bai canza ba, to me ya ragu? Ɗalibai har cewa suke yi kwalbar Baba albarka gare ta, ba ta san ƙarewa ba. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Tattali ne, 'ya'yana."

Wadda ta fi kowa aron kwalbar nan ita ce wata ɗaliba mai neman digiri na biyu, siririya mai saurin magana, wadda kowa ke kira 'Yar Hanta saboda ko a wurin cin abinci ba ta da hira sai ta hanta. Aikinta shi ne ta riƙa ɗura wa fararen ɓeraye ruwan wani ganye da Farfesa ya daɗe yana kyautata wa zato, ta ga ko zai rage furotin ɗin nan. Ƙarshen kowane wata sai ta ɗebi hantar wasu daga cikinsu ta gwada. Akwai kuma wasu ɓerayen da ba a ba su ganyen, waɗanda aka ajiye don kwatance.

A ƙa'ida, hantar masu shan ganye da ta marasa sha a takarda ɗaya ake jera su kowane lokaci. Amma takardar a hannun Baba take, kuma faɗin yatsa uku yake yanka mata, ba ƙari. A watan farko ta yi ta magiya har ya ba ta yanka biyu, aka ga girar marasa shan ganye baƙa wuluk. A wata na biyu ya ce yanka ɗaya. Ta kai ƙara wurin Farfesa, shi kuma yana sauri zai shiga taro, ya ce, "Ai mun ga nasu. Ɓeran da ba a ba shi komai ba me zai canza? Gwada masu sha kawai." Haka aka tafi har wata huɗu: duk wata tana ɗibar hantar ɓangarorin biyu, amma ta masu sha kaɗai ake gwadawa.

Ran Litinin da safe Farfesa ya tara kowa a ɗakin taro, saura kwana goma mai jarrabawa ya zo daga wata jami'a ya titsiye 'Yar Hanta a kan kundinta. Baba ne ya kunna majigi ya koma kujerar baya. Hotuna huɗu suka bayyana a bango, a jere. Girar watan farko kamar an ja ta da gawayi. Ta biyu ta ɗan yi toka-toka. Ta uku sai ka ƙura ido. Ta huɗu kuwa babu ita, farar takarda ce fes.

Farfesa ya miƙe, ya buga sanda a bango. "Kun gani? Shekara goma sha ɗaya ina cewa ganyen nan yana aiki, ana yi mini kallon mai tatsuniya. Amma ku bar ta huɗu tukuna. Ku dubi wata na uku!" Ya sake buga sandar. "Daga na ɗaya zuwa na biyu, sauka ce a hankali. Daga na biyu zuwa na uku, faɗuwa ce daga bene. Me ya faru a wata na uku? Ni na san abin da ya faru. Wata biyu hanta tana turjiya, a na uku ta miƙa wuya. Shafi biyu na rubuta a kan wannan jiya."

Aka tafa. 'Yar Hanta ta rufe fuska da tafin hannu don murna. Baba ma ya ɗaga hannu zai tafa, sai hannuwan suka tsaya a iska, don shi ma ya san abin da ya faru a wata na uku.

Wata Talata ce da rana, yana goge cikin firji, hannun farar rigarsa ya maƙale murfin kwalbar da wani ɗalibi bai ɗaure da kyau ba. Kwalbar ta kife. Kafin ya tare ta fiye da rabi ya malale a kan ƙarfen firji. Ya waiga, ba kowa. Ya ɗauko ruwan sirki ya ciko zuwa jan layi, ya ɗaure murfi tam, har da yi wa kansa barka da bai bar ta ƙasa da layi ba.

Yanzu ga shi zaune yana kallon bango, yana lissafi. Watan farko, sabuwar kwalba. Na biyu, ciko biyar ko shida. Na uku, hannun riga. Na huɗu, ruwan sirki ne zalla yake wanka a ruwan sirki. Abin da ke bangon nan ba labarin hantar ɓeraye ba ne, tarihin kwalbarsa ne aka ɗauka a hoto.

"Baba ma ya rasa bakin magana," in ji Farfesa, yana nuna shi da sanda. Aka yi dariya.

Da la'asar ya isa gida ya tarar da matarsa tana wanke kwanuka a ɗakin girki. Tela ce, kekenta na falo, kuma shekara talatin da biyu da ta yi da shi sun koya mata ta gane damuwarsa daga yadda yake cire takalmi. Bai zauna ba. Ya wuce kai tsaye ya ɗauki kwalbar sabulun ruwa da ke gefen famfo. Ita ma tana da nata jan layin, kuma duk ƙarshen mako shi yake ciko ta da ruwa. A kan hanya ya yi ta kafa wa kansa hujja da ita: in sabulu yana jure ciko, don me antibodi ba zai jure ba? Wataƙila ma ganyen ne da gaske.

"Maman yara, kwalbar nan shekararta nawa a gidan nan?"

"Ta kusa huɗu."

"Tana kumfa?"

Ta ɗaga hannuwanta, kumfa har gwiwar hannu. "Ga shi kana gani."

Ya sauke ajiyar zuciya, ya jingina da bango. "To alhamdu lillahi. Ashe ciko ba ya kashe abu."

Ta dube shi, ta dubi kwalbar, sai ta fashe da dariya har ta dafa bakin famfo. Da ƙyar ta iya magana. "Baban yara, wai da gaske kake? Kai duk shekarun nan ka ɗauka sabulu ɗaya ne yake wanke mana kwanuka shekara huɗu?"

"To da mene ne?"

"Duk ranar da ka ciko ta, kana fita nake zubar da rabi in cika da sabo. Jarkar tana ƙarƙashin kekena, bayan tsummoki. Wannan ita ce ta goma sha ɗaya."

Ba jarka goma sha ɗayan ce ta fi yi masa ciwo ba, kalmar "zubar" ce. Ya zame ya zauna a kan kujerar tsugunno. "A gidana? Rabi?"

"Har da ruwan goge ƙasa, in kana son ka ji duka. Na ga abin yana faranta maka rai, na ce me zai sa in ɓata maka." Ta ɗauraye hannu, dariyar ta ɗauke da ta ga fuskarsa. "Lafiya dai? Me ka ciko a wurin aiki?"

Ya gaya mata komai, daga jan layi har hannun riga. Ba ta san antibodi ba, amma ta san sabulu, don haka ba ta sha wahalar ganewa ba.

"Kuma a can babu mai bin bayanka ya zuba sabo," ta ce.

"Babu. Makullin a wuyana yake." Sannan ya ce a hankali, "Saura mako uku in tafi. Babu wanda ya sani. In na yi shiru, da sunana zan fita."

"Za ka fita da shi kam. Ita kuma yarinyar mutane ta tsaya gaban mai jarrabawa da ruwa a hannu. In bai gano ba, wani zai gano bayan shekara, lokacin kana nan kana ciko mini sabulu. Sunan wa za a kira a lokacin, naka ko nata?"

Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba tun ranar da ya fara aiki. Abincin da ta ajiye masa ma cokali uku ya yi ya ture, abin da bai taɓa yi ba, don ragin abinci ma a wurinsa ɓarna ne.

Washegari ya riga kowa zuwa, amma bai daɗe ba 'Yar Hanta ta shigo tana ta zuba, da takarda a hannu. "Baba, ina kwana? Tsaya ka ji abin da na rubuta a shafin godiya. 'Ga Baba, wanda kwalbarsa ba ta taɓa ba ni kunya ba.' Ya yi, ko in ƙara?"

"Kada ki ƙara komai, 'yata," ya ce da sauri. "Ƙari ne ya kawo mu nan. Zauna."

Ya buɗe firji ya ɗauko kwalbar, ya ajiye a gabanta, ya ajiye ta ruwan sirki kusa da ita. "Dubi waɗannan biyun. Mene ne bambancinsu?"

Ta ɗaga su ta duba a hasken taga. "Wannan tana da jan layi."

"To shi ke nan bambancin."

Ya faɗa mata, yana kallon teburi. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta fara lissafi da yatsu, leɓɓanta na motsi, ta kai wata na uku ta tsaya. Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi, hawaye suka biyo baya.

"Baba, wata huɗu. Ɓera arba'in. Kullum ƙarfe bakwai ina nan ina ɗura musu ganye suna cizona. Har suna na sa musu! Na kira mahaifiyata jiya na ce mata na gano abu." Ta share ido da bayan hannu. "Me ya sa ka yi haka?"

"Ba na son in ga ta sauka daga layi."

Amsar ba ta da kai, shi ma ya sani, amma ita ce gaskiya. 'Yar Hanta ta kifa kai a teburi. Daga nan ƙasa muryarta ta fito: "Shi ke nan, na mutu. Sabon antibodi wata huɗu ne kafin ya zo. Ragowar hantar kuma duk wata ina ba ka in ce ka zubar."

Baba ya gyara tabarau. Ya yi gyaran murya. "Kin dai ce in zubar."

Ta ɗago kai a hankali.

Ya ciro makulli daga wuyansa, ya buɗe babbar firiza, ya durƙusa ya jawo aljihun ƙasa. Ga su nan a jere cikin ƙanƙara, ƙananan kwalabe, kowace da kwanan wata da rubutunsa mai kyau: masu sha, marasa sha, wata na ɗaya har na huɗu, ko ɗaya bai ɓata ba. Sannan ya zura hannu can ƙurya ya jawo wani akwatin kwali da aka rubuta wa "Kashin ɓera, kada a buɗe." Shekara biyu ɗalibai suna kauce wa akwatin nan. Ya buɗe. Babu komai a ciki sai 'yar kwalba guda, a naɗe da auduga.

"Ranar da antibodin ya iso, shekara biyu ke nan, na ɗebi rabi na ɓoye," ya ce. "Ko Farfesa bai sani ba. Ba a taɓa sirka shi ba. Na ajiye ne saboda wata rana."

'Yar Hanta ta dubi akwatin, ta dubi Baba. "Wallahi Baba ban san ko in gode maka ko in kai ƙararka ba."

"Ƙarar ni zan kai. Ke fara haɗa kaya." Ya buɗe kabad ya ciro takardar gwaji sukutum, wadda almakashi bai taɓa ba, ya miƙa mata yana kallon gefe. "Jera su duka takwas a kai. Yi sauri kafin in canza ra'ayi."

Ya sami Farfesa a ofis yana gyara shafukan nan biyu. Bai yarda ya zauna ba, a tsaye ya faɗi abin da ya kawo shi. Farfesa ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Wata na uku fa?" ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar mai fatan a bar masa ko wannan.

"Hannun rigata ne, ranka ya daɗe."

Farfesa ya dubi takardun da ke gabansa ya daɗe. "Shafi biyu," ya ce. "Shafi biyu na rubuta a kan hannun rigarka, Baba. Har da ambaton manyan masana." Ya nuna ƙofa da alƙalami. "Je ka. In na buɗe baki yanzu zan faɗi abin da bai dace da shekarunka ba."

Aikin kwana biyu ne. Da aka zo sirka antibodin, Baba ya miƙa wa 'Yar Hanta 'yar kwalbar ya ce ta auna da hannunta, yadda takardar kamfani ta ce, shi kuma ya tsaya a gefe ya harɗe hannuwa a baya. Ta haɗa a sabuwar kwalba, ta ɗauki alƙalami ta ja nata layin, ta rubuta kwanan wata. Aka jiƙa takarda ta kwana a firji. Da safe ta tsiyaye ruwan a wani faranti ta rufe ta ajiye gefe, ta shiga wanki.

Wajen azahar hoton ya fito. Labari ya riga ya zaga hawa na biyu, don haka ɗakin ya cika da ɗalibai masu fakewa da neman wani abu. Farfesa ya shigo ƙarshe. Gira takwas ne a jere, huɗu na masu shan ganye, huɗu na marasa sha, kowace baƙa wuluk, kowace da kaurin 'yar'uwarta. Furotin ɗin yana nan daram, bai ma san an yi wani ganye ba.

"Bai yi komai ba," in ji 'Yar Hanta. Wannan karon ba ta yi kuka ba.

Farfesa ya sunkuya ya daɗe yana duba hoton, yana neman ko guda ɗaya da ta ɗan rame. Bai samu ba. Ya miƙe. "Bai yi komai ba, wata huɗu cur, ga kuma hujja a takarda ɗaya. Wannan ma sakamako ne. Ki rubuta shi haka, kwana bakwai sun ishe ki in kin rage surutu." Ya gyara tabarau. "Ki kuma rubuta cewa tun farko ya kamata a jera su tare. Wanda ya ce kada a yi hakan bai kyauta ba, ko wane ne shi." Babu wanda ya yi gigin tuna masa ko wane ne.

Ya juya zai fita. Baba yana tsaye a bakin ƙofa, daidai inda ya saba tsayawa in ana nuna shi ga baƙi. Farfesa ya wuce ta gefensa, bai dafa kafaɗarsa ba. Ɗalibai suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ana ƙus-ƙus, wani har ya kasa riƙe dariya a matakala. Baba ya ji abin har cikin ransa. Shekara ashirin da tara yana tara sunan nan ɗigo-ɗigo, ga shi ya zube a yini ɗaya, kuma da hannunsa ya kifar da shi.

Ɗakin ya rage daga shi sai 'Yar Hanta. Ta ɗauko farantin da ta rufe tun safe, mai ruwan antibodin da aka yi aiki da shi sau ɗaya. Baba ya runtse ido, ya dafa teburi, ya tattaro duk ƙarfin halin da ya rage masa.

"Zubar da shi, 'yata," ya ce. "A kwata. Zan iya jurewa."

"Haba Baba, wane irin zubarwa? Sau ɗaya fa aka yi aiki da shi, kuma shi kaɗai gare mu har wata huɗu. Tattalin ba laifi ba ne." Ta tura masa sabuwar kwalbar. "Riƙe mini, hannunka ya fi nawa tsayawa. Ban ce na huce ba, amma riƙe."

Ya riƙe. Ta tsiyaye ruwan a hankali har ɗigon ƙarshe. Ruwan ya tsaya ƙasa da layinta da kamar faɗin farce. Su biyun suka zuba wa gurbin ido. Kwalbar ruwan sirki tana nan a gefen teburi, kusa da gwiwar hannunsa, kuma Baba ya ga hannunsa na dama ya kama hanyar zuwa wurinta ba tare da ya aike shi ba. 'Yar Hanta ma ta gani.

Hannun ya tsaya a tsakiyar hanya. Ya dawo, ya hau wuyansa, ya ciro igiyar makullai ta saman kai, ya ajiye a tafin hannunta. Sannan Baba ya ɗaure murfin kwalbar tam, ya kai ta firji da kansa, ruwan na ƙasa da layi, ya rufe ƙofar.